Tsohon keken ɗinki ya yi nauyi, zare kuma yana taruwa a ƙasa: daga ina za a fara?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Keke ne baƙi na ƙafa, Singer, irin mai zanen ruwan zinari, wanda ake sa masa kwarkwaro ta gefen hagu a ƙarƙashi. Ya daɗe a ajiye ba a taka shi ba. Matsalolinsa uku: wili ya yi nauyi sai an sa ƙarfi, in an samu ya juya zare ya taru cunkus a ƙasan yadi, wani lokaci kuma ya tsallake ɗinki biyu ko uku. An ce in zuba masa kananzir, wani kuma ya ce kananzir kashe keke yake yi. Wanne ne gaskiya? Me zan iya yi a gida kafin a kai ga ɗaukar kan zuwa wurin mai gyara?

Baba_MaiGyara:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki taɓa ko sukuru ɗaya na tenshan, wato abin da ke matse zare, tukuna. Keken da ba ya juyawa sumul ba a gane laifin ɗinkinsa, don haka da nauyin za a fara. Ki sauke bel. Ki juya wilin sama da hannu, ya zo wajenki, ba baya ba. Sannan ki taka feda ita kaɗai, ki ga ko babbar tayar ƙasa tana gudu. Nan take za ki san inda nauyin yake, a kai ne ko a ƙafa. In duka biyun suna tafiya lafiya, sai an mayar da bel nauyin ke dawowa, to bel ɗin ne ya matse da yawa. Amma keken da ya daɗe a ajiye, galibi tsohon mai ne ya bushe a gaɓoɓinsa ya daskare kamar ƙaro.

Telan_Fagge:
Wanda ya ce kananzir kashe keke yake bai faɗi daidai ba. Tsofaffin littattafan da Singer ke haɗowa da keken su da kansu sun ce in ya yi nauyi bayan daɗewa a ajiye a ɗiga kananzir kaɗan a wuraren sa mai, a taka shi da sauri, a goge, sannan a sa mai. Ba yau aka fara ba.

Hajiya_Rabi:
Malam, ka karanta ƙarshen maganar da ka kawo: "sannan a sa mai". Nan ne mutane ke tsayawa. Sai a zuba kananzir, keke ya saki, a yi murna a ci gaba da ɗinki. Kananzir ba mai ba ne, wanki yake yi ya bushe, ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe. Bayan mako biyu keken ya fi da nauyi, ga ƙara. Shi ya sa wasu ke cewa yana kashe keke. Kuma yana lalata roba, yana jiƙa bel ya riƙa zamewa, yana goge ruwan zinarin.

Sani_Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya a kan roba da bel. A kan zinari kuwa, babban maƙiyinsa sifirit ne da ruwan omo da man wanke hannu mai barasa, don sukan narkar da banishin da ke kan zanen, zinarin ya koma fari-fari, kuma ba ya dawowa. Jikin keke da man keken kansa ake goge shi: ɗigo kaɗan a tsumman auduga mai laushi, a shafa a hankali, a bi da busasshe.

Maman Ilham, ga yadda zan tsara miki aikin. Ki shimfiɗa jarida a ƙasa, ki nemi faranti na zuba sukurori, buroshin haƙori da aka daina amfani da shi, sukudireba babba da ƙarama, tsinken sakace, da sirinji marar allura.

Ki cire allura, takalmin da ke danne yadi, ƙoshiya (ɗan gidan ƙarfen da kwarkwaro ke zama ciki) da kwarkwaronta. Ki kwance sukuru biyun farantin allura ki ɗaga shi. Tsakanin haƙoran da ke jan yadi za ki tarar da ƙurar yadi ta danne ta yi tauri har ki ɗauka wani ɓangaren keken ne. Ki ƙwaƙule ta da tsinke. Wannan datti kaɗai kan hana haƙora tasowa yadda ya kamata, yadi ya ƙi tafiya.

Sai gidan ƙugiya, inda ƙoshiya ke zama; ƙugiyar ita ce ƙarfe mai tsini da ke ɗauko zaren allura. Ki juya wili sandar allura ta kai ƙarshen sama. Zoben da ya rufe ƙugiyar, a wasu kekunan maƙalai biyu ne ke riƙe da shi, a wasu sukuru biyu. Ki buɗe, ki zare zoben, ki zare ƙugiyar, amma ki ɗauki hoto da waya kafin ki cire. Ki wanke su da buroshi a cikin kananzir kaɗan, ki goge hanyar da ƙugiyar ke kai da komowa. Guntun zare ɗaya da ya maƙale a wannan hanya ya isa ya sa wili ya ƙi juyawa gaba ɗaya.

Daga nan ki buɗe murfin fuska na hagu da zagayayyen murfin baya, ki kwantar da kan baya ki ga ƙarƙashinsa. Ki juya wili a hankali kina kallo: duk inda ƙarfe biyu suke gogar juna, ɗigo biyu na kananzir da sirinji. Ki bar shi ya kwana. Washegari ki juya, ki goge baƙin ruwan da zai fito, ki maimaita har ya daina fitowa da launi. Sai mai.

Ummi_Shadda:
Wane irin mai? A gidaje da yawa man gyaɗa ake ɗigawa in na keke ya ƙare.

Baba_MaiGyara:
Subhanallahi. Man gyaɗa da manja da man zaitun su ne ke kawo irin ciwon da ake magana a kansa. Duk man da ake ci da shi yana shan iska ya yi yauƙi, ya daskare. Baƙin man mota ya yi kauri, yana tara ƙura, yana ɓata yadi. Feshin kwance tsatsa irin WD-40 yana kwance abin da ya cije, amma ba ya zama ya yi aikin mai. Man keke fari ne tas, siriri, ba wari. Ki ɗiga a farar takarda, in ya bar rawaya ko kika ji yana yauƙi tsakanin yatsu, ya tsufa, a zubar.

Ɗigo ɗaya a kowane rami, ba a tsiyayawa. Ramukan saman hannun keke, ramin da ke kusa da wili, sandar allura, sandar takalmi, gaɓoɓin da ke bayan murfin fuska, gaɓoɓin ƙarƙashi, sai ɗigo ɗaya a hanyar ƙugiya. Wurare biyu ba sa son mai ko kaɗan: tsakanin faya-fayan tenshan, da cikin ƙoshiya inda zare ke bi. Bayan haka a taka shi ba zare na minti biyu ko uku, a goge, a yi ɗinkin gwaji a tsohon ƙyalle har man ya daina fitowa. Kada a fara da farar shadda.

DanDamagaram:
A ƙara da wannan: kada a yi aikin kananzir kusa da risho ko murhu, kuma a shinshina shi tukuna, don akan samu wanda aka gauraya da fetur. Fetur kansa ba a wanke keke da shi a cikin ɗaki. In wata gaɓa ta ƙi saki bayan kwana ɗaya, a ajiye kan a hantsi na kamar awa guda, ko a hura masa injin busar da gashi. Ɗumi yana narkar da tsohon mai. Guduma da filaya ba su da aiki a nan.

Ummi_Shadda:
A kula da ɗan jan ƙyallen nan da ke kusa da kwarkwaro, kada a ɗauka datti ne a tuge shi. Lagwanin mai ne.

Sani_Injiniya:
Haka ne Anti Ummi, amma wannan a Singer samfurin 66 da 99 yake, waɗanda ake jefa musu kwarkwaro ta sama. Nata ta gefe ake sawa a tsaye cikin ƙoshiya, wato dangin samfurin 15 ne. Duk abin da ta gani cushe a wajen haƙora datti ne, ta cire.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai. Na sauke bel kamar yadda Baba ya ce, ƙafar tana gudu, nauyin a kai yake. Yanzu yana jiƙe da kananzir. Kafin gobe, ku yi mini bayanin zaren da ke taruwa a ƙasa. Shin ba sukurun ƙoshiya zan ɗaure ba, tunda a ƙasa matsalar take?

Hajiya_Rabi:
A'a ƙanwata, nan ne kowa ke ruɗewa. Zaren da kike gani ya taru a ƙasa na sama ne. Ki gwada: ki sa ja a sama, fari a kwarkwaro, ki ɗinka ki juya yadin. Ja za ki gani. Ƙugiya tana jawo zaren sama ta zagaya da shi ƙoshiya, sai ɗan hannun nan mai hawa da sauka ya ja shi ya koma sama. In zaren saman ba ya da riƙo, ba abin da zai tsuke shi, sai ya zauna a ƙasa.

Abin da ke hana shi riƙo: ko an sa zare takalmi yana ƙasa, don haka bai shiga tsakanin faya-fayan ba, ko an tsallake hannun jan zare, ko datti da tsatsa sun hana faya-fayan haɗuwa. Ki ɗaga takalmi, ki naɗe ƙyalle mai tsafta ki ratsa shi tsakaninsu ki ja gaba da baya. Ki sa zare takalmi yana sama. Sai ki sauke takalmin ki ja zaren kafin ya shiga allura: dole ki ji ya yi tauri. In kin ɗaga kuma ya saki. In ba ki ji bambanci ba, ƙaramin ƙarfen da ke cikin tenshan mai buɗe faya-fayan ya cije da tsohon mai, ko ya ɓace.

Telan_Fagge:
Da kuma siririn sifirin ɗin waya da ke jikin tenshan. A taɓa shi da yatsa, ya kamata ya sauka ya dawo da kansa. In ya karye ko ya mutu, zare zai riƙa sakwarkwacewa allura ta taka shi. Ana sayar da shi daban, ba sai an sayi tenshan gaba ɗaya ba. Sannan a fara ɗinki ana riƙe da jelar zare biyun ta baya na ɗinki uku na farko. Cunkuson da ke fitowa a farkon layi kawai, yawanci rashin wannan ne.

Baba_MaiGyara:
In an gama duk wannan, sannan a duba ƙoshiya. A sa cikakken kwarkwaro, a riƙe jelar zaren a bar ƙoshiyar tana lilo. Kada ta zube ƙasa da kanta, amma in an ɗan girgiza hannu ta sauko kaɗan ta tsaya. Ƙaramin sukurun da ke kan sifirinta ba a juya shi fiye da kwata a lokaci guda, kuma a kan faranti ake yi, don in ya faɗi ƙasa sai dai wani. A leƙa ƙarƙashin sifirin ɗin ma, burbushin zare kan shiga ya ɗaga shi.

Telan_Fagge:
Batun tsallake kuwa, allura ce. Ki sayi sabuwa, ki sa ta gefen da yake shafaffe yana kallon dama, ki zura zare daga hagu zuwa dama, ki tura ta har ƙarshe kafin ki ɗaure. Shi ke nan.

Sani_Injiniya:
Oga, a yi hattara da "shi ke nan" ɗin nan. Abin da ka faɗa daidai ne ga Butterfly da sauran kekunan da aka kwaikwaya daga tsohon samfurin 15, da Singer 15-30, da 66 da 99. Amma Singer 15-88, 15-90 da 15-91, har da 201, akasin haka ne: shafaffen gefe yana kallon hagu, zare daga dama zuwa hagu. Ba mu san wanne ne nata ba. In ta sa a juye, ko dai ya yi ta tsallake ko ya ƙi ɗauko zaren ƙasa sam.

Yadda za ta gane ba tare da littafi ba: ta cire farantin allura, ta juya wili a hankali ta ga ta wane gefen allura bakin ƙugiya ke wucewa. Shafaffen gefen can zai kalla. Dogon kwarin da ke jikin allura yana ɗaya gefen, kuma ta gefen kwarin zare ke shiga. Wata alamar: ɗan yatsan ƙoshiya. In yana nuna wajen ƙarfe 1 na agogo, tsarin da Oga ya faɗa ne. In ƙarfe 11 ne, ɗaya tsarin ne. Ƙoshiyoyin biyu ba sa maye gurbin juna, a kula wajen saye.

Telan_Fagge:
Gaskiya ne, masu ƙarfe 11 ba su cika yawa a shagunanmu ba, amma akwai su. Ta duba.

MalamBala77:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Ta yaya ake sanin shekarun irin wannan keke?

DanDamagaram:
Lambar da aka buga a shimfiɗar keken, ta dama a gaba. Haruffan farko da lambar su ake dubawa a jerin da ke intanet, su ba ka shekara, galibi har da samfuri. In ka ga K bayan lambar samfurin, kamar 15K ko 99K, a masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sukotland aka ƙera shi, wadda aka rufe a 1980. Na Amurka yawanci daga Elizabethport suke a jihar New Jersey. Wannan zai amfani Maman Ilham ma, don in ta san samfurin, gardamar allura ta ƙare.

Ummi_Shadda:
Tunda an shiga gefe: nawa in na kwance ƙaramin murfin tsakiyar wili don naɗa kwarkwaro, allura ba ta tsayawa, tana ta hawa da sauka.

Baba_MaiGyara:
Kwance ƙaramin sukurun da ke jikin murfin, ki warware murfin gaba ɗaya. Za ki ga wasa, wato siririn zoben ƙarfe, mai kunnuwa uku a waje da harsuna biyu a ciki. Ki lura da yadda take zaune. Ki zare wilin, ki goge sandar da cikin wilin da kananzir, ɗigon mai biyu, ki mayar. Harsunan ciki su karkato waje, wajenki. In kin haɗa bai yi ba, ki juya wasar rabin zagaye ki sake. In kuma kwarkwaron ne ba ya naɗuwa, ɗan zoben robar da ke gogar wili ya bushe ko ya sha mai, a canza shi.

Hajiya_Rabi:
Masu keken da aka ɗaura wa moto: duk bayanin man nan bai shafi moton ba. Ba a ɗiga mai a cikinsa, yana jiƙa kabon ya fara hayaƙi da wari. Tsofaffin motocin Singer masu ƙananan ramuka biyu na giris, giris mai laushi na moto ake cusawa, wasu kan sa basilin. Giyoyin ƙarfe kuma giris suke so, ɗan kaɗan. A zare filogi kafin a fara komai, kuma in rigar wayar ta farfashe kada a jona sai an sake ta.

DanDamagaram:
Ƙafar ma a tuna da ita ko da tana gudu: ɗigo a gefe biyu na feda, a sama da ƙasan sandar da ta haɗa feda da babbar taya, da tsakiyar tayar. Bel na fata in ya saki ba sai an saya sabo ba. A buɗe ƙugiyar ƙarfen da ta haɗa shi, a yanke kamar santimita ɗaya, a huda sabon rami da ƙusa siririya, a mayar a matse da filaya. Kaɗan-kaɗan ake ragewa, don abin da aka yanke ba ya komawa. Daidai shi ne ya ja wili ba ya zamewa, ba wai ya yi tauri ba. Da hunturu a rufe keken da zane ko yaushe, ƙurar tana haɗuwa da mai ta riƙa cin gaɓoɓi. Da damina kuma kada a rufe shi da leda, tana tara gumi ya yi tsatsa. Mai ɗinki kullum ya sa mai kullum, mai yi jefi-jefi ya duba shi kafin kowane zama.

Maman_Ilham:
Alhamdu lillahi, wili ya saki, da yatsa ɗaya yake juyawa. An sa mai. Faya-fayan tenshan akwai tsatsa a ciki, na goge, cunkuson ƙasa ya tafi. Ɗan yatsan ƙoshiyar yana ƙarfe 1, na sa allura shafaffen gefe dama. A atamfa ɗinki yana fita lafiya. Amma in na ninka kaki huɗu, ko na hau kan haɗin ɗinki, har yanzu yana tsallake ɗaya ɗaya.

Baba_MaiGyara:
Madalla. Saura tsayin sandar allura. Cire faranti, juya wili allura ta kai ƙarshen ƙasa, ci gaba a hankali har ta taso kamar milimita 2 da rabi. A daidai nan bakin ƙugiya ya kamata ya zo tsakiyar allura, kamar milimita 1 da rabi sama da idonta, yana dab da ita ba ya taɓa ta. A dangin 15 lokacin ƙugiya ba ya cika gocewa, sandar ce kan zame sama in an taɓa buga allura a kan wani abu mai tauri. Sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita a bayan murfin fuska. In kin ga bakin ƙugiya yana wucewa daidai ido ko ƙasa da shi, sandar ta hau.

Hajiya_Rabi:
Baba, da girmanka, ni ban ga dalilin kwance sanda ba tunda a atamfa yana ɗinka daidai. Wace lamba ce allurar? In 14 ce, ninki huɗu na kaki zai lanƙwasa ta ta kauce wa ƙugiya. Ta sa 16 ko 18, ta ɗan ɗaure sukurun saman sandar takalmi don ya ƙara danne yadin, ta tsawaita ɗinkin. A kan haɗin ɗinki kuma ta cusa ninkakken ƙyalle a bayan takalmin don ya zauna daidai, ta wuce wurin da hannu.

Baba_MaiGyara:
Ban ce ta kwance ba Hajiya, na ce ta duba. Sandar da ta hau kaɗan takan ɗinka yadi marar kauri lafiya, sai a mai kauri take nuna hali. Amma ta fara da naki, ya fi sauƙi.

Sani_Injiniya:
Kafin duka biyun, Maman Ilham, ki zare allurar ki mirgina kanta tsakanin yatsu. Akan haɗa wa mutum da allurar keken masana'anta, mai lamba DBx1, wadda kanta zagayayye ne ko'ina. Naki HAx1 yake ci, wadda ake rubuta wa 15x1 ko 130/705H a fakiti. Ki kuma shafa farce a bakin ƙugiyar, in yana kama farcen ko ya dakushe, shi ma yana kawo tsallake a yadi mai kauri. Me aka rubuta a fakitin da kika saya?

Maman_Ilham:
HAx1 ne, lamba 14. Zan nemo 16 da 18 in gwada, in bai daina ba sai in auna sandar kamar yadda Baba ya ce. Bakin ƙugiyar yana ɗan kama farce ta gefe ɗaya.

Telan_Fagge:
To wannan kamun a goge shi da samfefa mafi laushi, mai lamba 1000 ko sama, da ɗigon mai, ana bin tsawon bakin, ba a gicciye ba, kuma kada a rage tsininsa. In tsinin ya riga ya guntule, ƙugiyar dangin 15 ana samunta wurin masu kayan keke. Ki tafi da tsohuwar a hannu a gwada su gefe da gefe kafin ki biya.